Farautar Tuta a Bayan Ma'adi

Duk wanda ya zauna unguwar Darrasa ya san Malam Iliya. In bai gan shi ba, ya ji muryarsa. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira tun gemunsa na baƙi. Karatun ya ƙi, shi kuma ya ƙi komawa gida, sai ya kafa teburin turare da carbi a wani lungu kusa da babban masallaci. Ka sayi kwalba ɗaya, ya yi maka gyara da ƙarya goma.

Babbar ƙaryar ita ce wai shi jikan maharba ne daga Kwatarkwashi. Wai kakansa yakan hau dutse ya kamo mikiya da hannu. Wai shi kansa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ɓata ba, ko a daji ko a birni, don hancinsa kaɗai ya ishe shi jagora. Ɗalibai sababbin zuwa sukan saki baki suna saurare. Badamasi kuwa, mai shagon littattafai da ke daura da teburin, garinsu ɗaya, tare suka yi wasan ƙasa. Shi ya san uban Iliya tela ne, ya kuma san dutsen da aka sani a gidansu bai wuce dutsen guga ba. Amma ya gaji da faɗa, ya sa masa ido.

A bakin lungun akwai Mahasin, Bahaushiyar Sudan, bazawara, mai sayar da shayi da zalabiya. Matar Iliya ta daɗe da rasuwa, shi kuma ya daɗe yana shan shayin da ba ya buƙata. Ya aika, ya je da kansa, ya kai turare. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Rannan ya gama ba ta labarin yadda ya taɓa bin sawun damisa, ya yunƙura zai tashi daga benci, sai gwiwarsa ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Kowa ya ji. Mahasin ko ɗago kai ba ta yi daga butarta ba.

"Malam, na yi jinyar miji ɗaya, na goya shi a bene har Allah ya karɓi abinsa," in ji ta. "Ba na sake auren gwiwa irin wannan."

Masu shan shayi suka sunkuyar da kai cikin kofuna. Iliya ya ce benci ne ya yi ƙara. Badamasi ya ce lalle bencin ya tsufa, don tare aka yi musu kaciya.

Maganar ta tsaya wa Iliya a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Yana cikin wannan hali sai ga Ayman, wani Bamisire malamin motsa jiki, wanda yakan sayi turare a wurinsa. Cikin hira Ayman ya ce kwanan nan ba shi da hutu, don yana cikin masu shirya wani tsere a duwatsun da ke bayan unguwar Ma'adi. Tsofaffi ne za su zo daga ƙasashe daban-daban, 'yan sittin da 'yan saba'in har da waɗanda suka haura. Kowa za a ba shi taswira da kamfas, a sake shi cikin duwatsu ya nemo tutocin da aka kakkafa a ɓoye, wanda ya riga gamawa shi ya ci. Ya ƙara da cewa mazauna gari ma an bar musu ƙofa.

Iliya ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya tambaya ko dutse aka ce. Aka ce dutse. Ya tambaya ko nemo abu aka ce. Aka ce haka ne. Sai ya ce a rubuta sunansa.

Ayman ya soma yi masa bayanin wani ɗan abu da ake sa wa a yatsa, da abin da ake yi in an isa wurin tuta. Iliya ya ɗaga masa hannu. Ya ce ba a koya wa ɗan kada iyo. Ya ce abin da Turawa suka sa wa lamba da taswira, su a gidansu farauta ake ce masa, kuma tun yana goye ya haddace ƙa'idarta. Ayman ya ce tamam, amma ya zo da wuri ranar, don akwai jawabin da ake yi wa kowa kafin a tashi.

Da Badamasi ya ji, ya fito daga shago da littafi a hannu.

"Kai da ka ɓata a cikin masallaci kana neman takalmi?"

"Takalmin ne ya ɓata, ba ni ba."

"To taswirar fa? Ka taɓa karanta taswira?"

"Mikiya taswira take karantawa?"

"Mikiya ba ta da ciwon gwiwa."

Iliya ya ce hassada ga mai rabo taki, ya wuce wurin Mahasin. A gaban mutane ya ce mata ta zo ta gani da idonta, in ya riga tsofaffin duniya dawowa daga dutse sai ta ba shi amsa. Mahasin ta tambaya ko wurin za a tara jama'a. Ya ce jama'a kamar ƙasa. Ta ce to za ta je, don inda jama'a take akwai mai ƙishin shayi. Amsa kuwa, ta ce ranar za ta ba shi, kowace iri ce.

Daga nan unguwa ta shiga uku, don Iliya ya fara horo.

Da farko benen gidan da yake haya ya sa a gaba, ya hau ya sauko, ya hau ya sauko, yana nishi kamar ana saukar da buhu. Wata mata a hawa na uku ta leƙo ta ɗauka wani ne ke cikin magagin mutuwa, ta ƙwala wa mai gadin gidan kira. Mai gadi ya zo ya same shi rungume da ƙarfen bene, ido ya yi ja. Iliya ya ce yana gwada ƙarfin ƙarfen ne. Mai gadi ya ce in ya sake gwadawa zai gwada masa hanyar waje.

Sai ya koma lungu. Ya naɗe jallabiya, ya arce da gudu bayan sallar asuba, kai a sama, wai yana shaƙo iska don ya san gabas. Bai ga mai keken burodi ba, irin waɗanda ke ɗora faffaɗan katako a ka su tuƙa da hannu ɗaya. Suka yi karo. Burodi ya watse har cikin shagon wanzami. Mai keke ya tashi ya zage shi tun daga kakan da ya kama mikiya har zuwa jikokin da ba a haifa ba. Iliya ya tsince burodin yana ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri. Da rana ya gaya wa ɗalibai cewa ya yi gudun da iskar bayansa ta kayar da keke.

Ɗaliban Najeriya da ke unguwar Madinat Nasr ba su da abin dariya sai na kyauta. Labari ya zaga ɗakunansu, suka ce wannan kallo ba ya wuce su. Wasu suka zo suna zuga shi, suna Baba sai kai, Baba ka ɗaga mana tutar Najeriya. Ya ce ba tutar Najeriya kaɗai ba, duk tutar da ke dutsen sai ta zo hannunsa. Suka yi dariya. Ba wanda ya san da gaske yake.

Ranar tsere ya fito cikin shiri. Ayman ya ce masa a sa gajeren wando, shi kuwa ya ce ba zai nuna wa matar da yake nema ƙwauri a bainar jama'a ba. Jallabiya ya sa, ya ɗaure ƙugu da rawani, ya rataya layu, ya sa sabon kambas da ya fi ƙafarsa. Badamasi ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya yi kama da mai maganin basir a kasuwar ƙauye.

Su uku suka kama hanya, shi da Badamasi da Mahasin da kwandon kayan shayinta. Ɗalibai sun riga sun yi gaba a motar haya. A tashar metro Badamasi ya tsaya zai duba allo, Iliya ya ja hannunsa ya ce wanda ke tare da shi ba ya duba allo. Jirgi ya tsaya, Mahasin ta shiga taragon mata, Iliya ya faɗa bayanta da gudu, ƙofa ta rufe. Mata suka yi masa caa. Wata mai jakar kayan miya ta tambaye shi ko makaho ne, wata ta ce ai ba makaho ba ne, tsohon banza ne. Ya tsaya ya manne da ƙofa yana kallon rufi. Mahasin ta juya fuska taga, kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

A tasha ta gaba ya fice ya koma wurin Badamasi. Suka yi ta tafiya. Badamasi ya ce kamar sunayen tashoshin nan ba na hanyar Ma'adi ba ne. Iliya ya shaƙi iska ya ce yana jin ƙamshin kogi, saura kaɗan. Sai da jirgin ya kai ƙarshen layi, a can wancan gefen birni, mai shara ya shigo ya ce kowa ya sauka. Iliya ya ce lalle an juya layin ba a sanar ba.

Ko da suka isa bakin duwatsun, rana ta ɗaga, jawabi ya ƙare tuni, an ci rabin sakin mutane. Wurin fili ne a bakin wani babban kwari, ga rumfuna, ga lasifika, ga tutocin ƙasashe. Bayan wannan kuwa ba kome sai farin dutse da tsakuwa da kwazazzabai, ko itacen kirki babu. Iliya ya dubi abokan karawarsa ya taɓe baki. Tsofaffi ne da gaske, fata ta yamutse, ƙafafu kamar sillen kara, kowa da ɗan wando da madubin ido ɗaure da zare. Akwai wata tsohuwa daga Suwidin, gashi fari fat, siririya, wadda a gida da tuni an ajiye ta a ɗaki tana jan carbi. Tana ta tsalle a wuri ɗaya tana miƙa. Iliya ya ce wa Badamasi in wannan ta riga shi, a aske masa gemu.

Ayman ya taho da gudu yana duba agogo. Ya maƙala masa lamba a ƙirji, ya zura masa wani ɗan abu na roba a yatsa, ya miƙa masa taswira da kamfas. Ya buɗe baki zai yi masa bayanin da ya rasa, Iliya ya ce khalas, ya gane. Abin da bai gane ba shi ne dalilin da ake sakin mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wannan maguɗi ne, an bar Turawa sun yi gaba don a kunyata baƙar fata, amma ba kome, a sake shi a baya ya iso gaba. Aka busa usur. Ya waiwaya ya tabbatar Mahasin na kallo. Tana hura gawayi.

Yana shan kwanar farko ya rataya kamfas a wuya tare da layu. Taswirar kuwa ya duba ta a miƙe, ya duba ta a kife, ya ga layuka ne jajaye-jajaye kamar tsutsa, sai ya ninke ta ya sa ƙarƙashin hula don rana. Ya sunkuya yana neman sawu. Sawu kam ga shi nan birjik, wani ya yi gabas wani ya yi yamma. Ya zaɓi mafi girma ya bi. Sawun ya kai shi wurin wani raƙumi da ke kwance yana tuƙa.

Allah ya taimake shi, daga can ya hango wani tsoho ɗan Japan yana haurawa wani tudu. Ya bi shi a laɓe. A bayan wani dutse sai ga tutar. Ƙyalle ne mai fari da ruwan lemo, rataye a jikin siririn sandan ƙarfe, da wani ɗan akwati a kan sandan. Ɗan Japan ya iso, ya sunkuya, ya taɓa akwatin da yatsa, abin ya yi ɗan kuka, ya juya ya ci gaba da gudu. Tutar tana nan inda take.

Iliya ya girgiza kai don tausayi. Ga mutum ya taso daga ƙarshen duniya, ya sami abin da ake nema, ƙarfin tuge shi ya gagare shi. Yana tsaye wani Bature ya zo, shi ma ya taɓa, abin ya yi kuka, ya gudu. Iliya ya ce ashe har tsoron kukan suke ji. A farauta kuwa ƙa'ida ɗaya ce, wanda ya sami nama ya saɓa shi, don ba a zuwa gida a ce wa mutane na ga barewa. Ya tofa yawu a hannu, ya yi bisimilla, ya tuge sandan da akwatinsa da ƙyallensa, ya saɓa.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. Ya gane ba sai ya wahala da sawu ba. Sai ya hau tudu ya duba inda tsofaffi ke sunkuyawa, in sun wuce ya gangara ya tuge. Ta cikin kwazazzabo ya tuge. Ta bakin kogo ya tuge. Wata a kan wani tsauni take, ya hau da rarrafe, jallabiya ta kama tsinin dutse ta tsage har cinya, wato ƙwaurin da ya ƙi nunawa ya fito da ƙari. Bai damu ba. Da sandunan suka yi yawa ya kwance rawani ya ɗaure su dami guda, ya goya a baya, ƙyallaye na kaɗawa a kansa kamar shanya.

Ya sami inuwar wani dutse ya zauna ya huta. Daga nan yana hango kwarin da ya share. Tsofaffi sun soma taruwa. Wannan ya dubi taswira ya dubi ƙasa. Wancan ya juya kamfas ya buga shi a tafin hannu. Wata ta durƙusa tana leƙen ƙarƙashin duwatsu. Wani dogo mai jan fuska ya zaga dutse ɗaya har ya gaji, ya cire madubi ya goge, ya sake zagawa. Mutanen da suka shekara hamsin suna wannan wasa sun tsaya suna zargin idanunsu da ƙwaƙwalwarsu. Iliya ya yi dariya har da tari. Ya ce ga amfanin boko nan.

Tarin ne ya tona shi. Tsohuwar Suwidin ta ɗaga kai, ta hango ruwan lemo na kaɗawa a inda taswira ba ta ce ba. Ta nuna da yatsa. Duk suka juyo.

Iliya ya ga sun nufo shi, ya ce to, an zo wurin. Haka ragwaye suke yi a farauta, su bar ka ka sha wahala su zo ƙwace. Ya gyara goyo ya zura.

Bai san tsohuwar nan aljana ce ba. Kafin ya kai gangare ta cim masa. Tana gudu tana karanta lambobin akwatunan da ke bayansa, ta sami wanda take nema, ta soka yatsa, abin ya yi kuka a keyarsa. Ya zabura ya juya, ta zaga ta bayansa ta soka wani. Ya sake juyawa, ta sake zagawa. Suka yi ta juyi a kan tsakuwa, yana kai mata hannu yana a'uzu billahi, ita kuwa tana yi masa faɗa da yarensu ba ta fasa sukar ba. Da sauran suka ga haka, kowa ya ce shi ma ba zai yi asarar tafiyarsa ba. Suka rufe shi kamar carki a bayan saniya, wannan ya soka, wancan ya soka, bayan Iliya na ta kuka kamar kejin 'yan tsaki. Ɗan Japan ma ya dawo, ya rusuna masa cikin ladabi, sannan ya soka.

Wani mai ɗan Larabci a cikinsu ya ce masa haramun ne abin da yake yi, ya mayar da kayan mutane. Iliya ya ce haramun ita ce hassada. Ya sunkuyar da kai ya ɓarke ta tsakaninsu. Kambas ɗaya ya fita, bai tsaya ba. Ya iso bakin gangare bai ga hanya ba, ya zauna ya sulale da mazaunai, ƙura ta tashi, hula ta yi nata wuri da taswirar a ciki. Ya tashi ya ci gaba. Gaskiya ɗaya dai a faɗe ta, gwiwar nan ba ta ce uffan ba. Tsoron ƙwace ya warkar da ita.

Inda za shi kuwa bai sani ba. In ya yi dama ya ga tsofaffi, ya yi hagu. In ya yi hagu ya ga wasu, ya yi dama. Duk wanda ya rasa tutarsa a dutsen ya shigo ayarin. Haka suka koro shi kamar bunsurun da ya shiga gonar mutane, har ya faɗo cikin babban kwarin, ya jiyo lasifika.

A fili, ɗalibai ne suka fara hango shi. Ga Baba Iliya a gaba, ƙafa ɗaya da takalmi, ga tsofaffin duniya duka a bayansa. Suka ɓarke da kabbara. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Badamasi ya miƙe daga inuwa, ya soma tunanin ko dai duk shekarun nan shi ne bai san mutumin ba. Sai ya lura da abin da ke kaɗawa a bayansa. Ya dubi Ayman. Ayman ya ɗora hannu biyu a ka. Mai magana a lasifika ya yi shiru a tsakiyar kalma.

Iliya bai bi ta ƙofar da aka ja wa igiya ba, inda alƙalai ke jira. Ya ratse kai tsaye zuwa teburin Mahasin. Ya kwance rawani, ya sauke damin a gaban ƙafafunta, ƙarafa suka zube da ƙara. Ya ja baya, ya buga ƙirji, yana haki.

"Ni ne Iliya jikan masu kama mikiya. A sake ni a baya in iso gaba. Hajiya, ƙirga. Ko ɗaya ban bar musu ba."

Kabbarar ɗalibai ta soma mutuwa, don sun ga ba wanda ke tafi sai su. Tsofaffi suka iso suka kewaye teburin, kowa na magana da harshensa, kuma ba sai an fassara ba. Dogon nan mai jan fuska ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da taswira. Ayman ya ratso jama'a.

"Ya hajj, wa ya ce ka ciro su?"

"To da wa zan bar wa?"

"Taɓawa ake yi. Da abin da na sa maka a yatsa. Ka taɓa, ka wuce, na bayanka ma ya zo ya taɓa."

Iliya ya dubi yatsansa. Abin yana nan, bai taɓa kome da shi ba.

"Wato mutum ya baro ƙasarsa, ya hau jirgi, ya hau dutse, don ya taɓa ƙyalle ya dawo hannu rabbana?"

"Haka wasan yake."

"To wasan ne ba shi da hankali."

Nan ɗalibai suka fashe. Wani ya faɗi yana riƙe da ciki. Waɗanda suka yi kabbara ɗazu su suka fi kowa dariya, don su wanke kansu. Lasifika ta dawo, aka sanar da harshe uku cewa an soke tseren safe, za a sake da yamma in an mayar da tutoci. A duk harsunan uku an ambaci lambar da ke ƙirjin Iliya. Badamasi ya matso ya ce masa ya yi murna, yau sunansa ya shiga duniya.

Iliya ya share su duka. Ya ce alƙalai na iya cin amana, amma mai ido ta gani. Ya juya wurin Mahasin, ya ɗaga ƙafa, ya lanƙwasa gwiwar ya miƙe, ya sake lanƙwasawa, don ta ji ba ƙara. Jama'a suka zuba wa Mahasin ido. Ko Turawan sun gane akwai wata shari'a a nan da ta fi tasu.

Mahasin ta gama zuba wa ɗan Japan shayi, ta miƙa masa. Ta goge hannu da gefen mayafi. Ta dubi tsagaggiyar jallabiya, ta dubi ƙafar da ba takalmi, ta dubi ƙarafan da suka tare mata gaban tebur.

"Gwiwa kam na gani, Malam, tana aiki," in ji ta. "Ni ce na yi kuskure. Ita gwiwa ko ta lalace ana shafa mata man zafi. Wannan da ke damunka ban san inda ake sayar da maganinsa ba. Amsata a'a ce. Kwashe min kayan mutane, kana tare min ciniki."

Ta juya ta tambayi dogon Baturen ko da sukari yake sha.

Iliya ya buɗe baki, a karo na farko a tarihin Darrasa ba abin da ya fito. Ayman bai bar shi ya nemo ba. Ya ce tun da shi ya tuge, shi zai mayar, ya nuna inda ya ciro kowace. Iliya ya dubi duwatsun. Duk fari ne, duk iri ɗaya. Ya nuna gabas, ya ce ko kuwa can ne, ya nuna kudu. Ayman ya tambaye shi taswirarsa, Iliya ya shafa kai ya ji ba hula.

Tsohuwar Suwidin ce ta raba gardamar. Ta shanye shayinta, ta karɓi babbar taswirar alƙalai daga hannun Ayman, ta tattara ƙarafan ta ɗaure da rawanin Iliya, ta ɗora masa a baya da kanta, ta ja ɗaurin har ya yi nishi. Sannan ta ce masa yalla, wato mu je, kalma ɗaya tak da ta iya a Larabci.

Suka kama hanya, ita a gaba tana ɗan tsalle, shi a baya yana ɗingishi da takalmi ɗaya, ƙyallaye na kaɗawa a kansa. Har suka sha kwanar kwarin ana jiyo muryarsa yana gaya mata, da Hausa, cewa ba nan ce hanyar ba.